Na sayi cikakken Flintstones a faifan DVD, ga yadda na same shi

Jama'a abin da zan fara faɗi shi ne wanga katun ba na yara ba ne zalla. Duk wanda ya saye shi don ya kunna ma yara su yi shiru irin yadda Tom and Jerry ke riƙe su, to ba zai samu abin da yake nema ba. The Flintstones wasan zaman gida ne, miji da mata da maƙwabta da suruka da ogan wurin aiki, sai dai zana shi anka yi maimakon a ɗauki mutane da kyamara, kuma rabin daɗinsa a cikin magana yake ba a guje-guje ba. Mutanen da sunka yi Tom and Jerry ɗin, wato William Hanna da Joseph Barbera, su ne dai sunka yi wanga, amma da niyya daban, don da dare anka riƙa nuna shi a tashar ABC ta Amurka lokacin da magidanta sunka dawo aiki sunka zauna gaban talabijin. An fara ranar 30 ga Satumba 1960 anka ƙare a Afrilun 1966, sizin shida, kashi 166, kowane kashi wajen minti 25.

Ni a nan Birnin Kebbi na same shi, wurin wani mai saida kayan wuta na gwanjo, irin masu kawo talabijin da rediyo da ayan na hannu. Akwai wani kwali da yake zuba tsofaffin fayafayai a ciki waɗanda ke biyo kaya, mafi yawansu tarkace ne amma a ciki na ga kwalaye shida jere, sizin na 1 har na 6, bugun kamfanin Warner na asali wanda sunka fitar ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2004 da 2006. Mai shagon ya yi min mutunci gaskiya, ya jona na'ura ya bari na gwada kowane faifai kafin in biya, bai nuna gajiya ba duk da akwai masu jira, kuma da munka ga faifai guda a sizin na 4 shina da karce mai zurfi shi da kansa ya rage kuɗin ba sai da na roƙa ba. Wanga kaɗai ya sa zan koma wurinsa. Abin da ban ji daɗi ba a shagon shi ne yadda yake ajiye kwalin a bakin ƙofa inda rana ke dukansa, kuma kun san ranar Kebbi a watan Maris da Afrilu ba ta wasa da roba, na faɗa mishi ya ce zai matsar, Allah ya sa.

Labarin kansa ga wanda bai sani ba. Wani gari ne Bedrock a zamanin dutse, amma rayuwar cikinsa ta Amurkawan 1960 ce sak, da mota da talabijin da jarida da wayar tarho, sai dai komai da dutse da itace da dabba anka yi shi. Fred Flintstone shi ne maigida, ƙato mai baki da saurin fushi, shina aiki a wurin fasa duwatsu inda yake hawa bayan wata ƙatuwar dabbar dainoso tana ɗaga mishi dutse. Matarsa Wilma ta fi shi hankali nesa ba kusa ba. Maƙwabcinsa kuma amininsa Barney Rubble gajere ne mai sanyin hali da dariya, matarsa Betty. Ga Dino, dainoso ɗin gida wanda ke yin halin kare, duk sadda Fred ya dawo sai ya kada shi ƙasa shina lasarsa. Motarsu ba inji, ƙasanta a buɗe yake da ƙafa ake tura ta, jarida allon dutse ce yaro ya wurgo ta ta buge mutum, ɗan giwa ne ke share ɗaki da hancinsa, tsuntsu ne ke sa baki a kan faifan garmaho waƙa ta fito, kuma sau da yawa dabbar sai ta juyo ta kalle ka ta yi ƙorafin aikin da anka ɗora mata. Wanga ɓangaren shi ne yara ke so, kuma ko ba su jin Turanci suna gane shi.

Amma abin da ya riƙe ni ni da uwargida shi ne Fred. Wallahi babu unguwar da ba ta da irinsa. Mutum ne mai son iyalinsa ƙwarai amma bakinsa ya fi aljihunsa girma, kullum da sabuwar dabarar da zai yi kuɗi dare ɗaya, kullum sai ya ja Barney a ciki, kullum sai an ɓoye ma mata, kuma kullum sai asiri ya tonu. Kashin farko da anka nuna ma haka yake, matan suna son a kai su kallon waƙa, su kuma mazan suna son zuwa wasan bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a watsa sanduna goma, sai Fred ya yi ciwon ƙarya anka bar shi gida da Barney wai shina jinyarsa, mata na fita sunka hau wani jirgin sama na feda da Barney ya ƙera sunka tafi wasansu. Uwargida ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai wanga ba Bature ba ne ɗan majalisar bakin titi ne. Kuma abin da na yaba, ba su maida Wilma sakarya ba kuma ba su maida ta azzaluma ba, tana gane ƙaryarsa tun kafin ya gama, wani lokaci ta ƙyale shi ya faɗa ramin da ya gina, in ya faɗa kuma ita ce ke miƙa mishi hannu. Shi ma in ya gane ya yi laifi shina jin kunya da gaske, ya zo ya ba da haƙuri da ƙaramar murya. Akwai tausayi a cikin abin, ba ihu kawai ba.

Inda ya fi taɓa ni shi ne farkon sizin na 4. A sizin na 3 ne Wilma ta yi ciki, anka bi cikin kashi bayan kashi har ta haifi Pebbles a Fabrairun 1963. To su Barney da Betty Allah bai ba su haihuwa ba, sai sunka ɗora ransu a kan jaririyar maƙwabta, kullum suna gidan, har ran nan Fred ya ƙosa ya yaɓa musu magana cewa su je su nemi nasu. Betty ta fita tana kuka. Falon gidanmu ya yi tsit a wurin nan, don duk wanda ya taso cikin dangi ya san mace guda aƙalla da anka taɓa gaya ma irin wagga magana, ko a bakin kishiya ko dangin miji ko a gidan suna, kuma ya san ba ta mantawa. Ban zaci zane zai kawo ni nan ba. Daga baya ne su Barney sunka tsinci yaro a ƙofar gidansu, Bamm-Bamm mai ƙarfin tsiya, har anka je kotu kafin ya zama nasu. Wanga kashin kaɗai ya isa a ce masu rubutun sun san da manya suke magana.

Shi ya sa nake ganin mallakar faifan ya fi tsintar abin guntu-guntu a waya. Na san da yawa za su ce ai akwai a YouTube, ko a je wurin masu turi a zuba a memori. Na ga irin waɗannan. Na YouTube yawanci yankakku ne, minti uku minti biyar, wani an matse hoton cikin ɗan akwati an ƙara ma murya sauri don kar a goge shi, gobe ka koma ka tarar babu. Na masu turi kuma a hargitse suke, ka ga Pebbles tana rarrafe a kashi na biyu sannan a na tara Wilma ba ta ko yi ciki ba, ga wasu katun ɗin da anka yi daga baya da sunan Flintstones an cakuɗa su ciki alhali ba su kai na asali ba ko kusa. A faifai kuwa komai a jere yake yadda anka nuna shi, kana ganin yadda zanen ya canza, Fred na farko ya fi kaushi da duhun gemu, Dino ma ba kalarsa ɗaya ba a farko, sannu a hankali komai ya zauna. Kuma ba ruwanka da data ko sabis. 'Yan uwanmu na Zamfara sun san abin da nake nufi, a Satumbar 2021 da anka rufe layukan waya a jihar duk abin da ke intanet ya zama ba naka ba, abin da ke cikin durowa shi ne naka.

Sannan kar a haɗa wanga da fayafayan nan na kasuwa masu hoto rututu a bango da ake cewa talatin a ɗaya. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai biyu 8.5, to in mutum ya tura sizin uku ko huɗu cikin faifai guda dole ya matse hoton har ya mutu, da an yi motsi sai fuska ta farfashe ta koma kamar tabarmar kaba. Na asali kashi kaɗan ne a kowane faifai shi ya sa layin zanen ke fita tsaf, kala ta zauna, jan gashin Wilma ja ne, rigar Fred ruwan lemu da ɗigon baƙi. Ba wai ba shi da aibi ba, tsohon fim ne, akwai ɗan ƙura da tabo da ke wucewa a hoton nan da can, wasu kashin sun fi wasu haske, sautin kuma na da ne ba zai girgiza sifika ba. Ni bai dame ni ba. An sake gyara shi a Blu-ray, wani irin faifai da ya fi DVD tsabtar hoto, a 2020, amma na'urar Blu-ray ba kowane gida ke da ita ba a nan, DVD kuwa ko ta lalace akwai mai gyara a kowace kasuwa.

Yanzu ga inda mai saye zai buɗe ido. Nawa bugun Amurka ne, kuma fayafayan DVD an raba su yanki-yanki, Amurka yanki na 1, mu Najeriya muna na 5. Ƙananan na'urorin nan 'yan Chana da sunka cika kasuwa yawancinsu ba ruwansu, komai ka sa musu suna ci, amma manyan na'urori masu suna, musamman na gwanjo da sunka fito Turai, sai su rubuto maka cewa yankin bai dace ba su turo faifan waje. Abin mamaki mai arhar ta fi mai tsadar amfani a nan. Bayan haka akwai tsarin hoto, Amurka NTSC mu kuma PAL, in talabijin ɗinka tsohuwa ce mai ƙeya za ka iya ganin hoton ya koma baƙi da fari ko shina birgima, sai ka shiga saitin na'urar ka maida shi PAL ko ka sa ta zaɓa da kanta. Filasma ba ta cika yin wagga matsala ba, tata matsalar daban ce, tana buɗe hoton ya cika bango alhali an zana shi ne a 4:3, kusan murabba'i, sai ka ga kowa ya kumbura tayar mota ta zama ƙwai. A maida shi 4:3 a haƙura da baƙin da zai rage dama da hagu, haka masu shi sunka zana shi. Ƙanena kullum sai ya maida shi cikakke wai an sayi talabijin babba don a cika ta, ni kuma in maido, har yanzu ba mu daidaita ba.

Maganar harshe ita ce babbar matsalar a gidan Bahaushe, ba zan ɓoye ba. Babu fassarar Hausa, kuma Turancin na Amurkawan da ne, da sauri, da wasa da kalmomi, sunayen taurarinsu na lokacin ma sai an juya su an liƙa musu dutse a ciki, wanda in ba ka san mutumin ba abin zai wuce ka. Nawa shina da rubutun Turanci a ƙasa in ka kunna, kuma ya taimaka ƙwarai, babbar ɗiyata da ke sakandare da rimot a hannu take kallo, ta tsayar ta karanta ta maido baya, kuma na lura kunnenta ya buɗe. Inna kuwa, mahaifiyata, ba ta jin ko ɗaya amma tana zama, ni ke fassara mata a gurguje, kuma ta fi kowa tsanar yadda Fred ke yi da surukarsa. Uwar Wilma in ta zo gidan, ita da Fred baki da baki suke yi, ya gaya mata ta gaya mishi. Inna ta ce "kai wanga ɗa ba shi da kunya, uwar matarka?" Na ce Inna ai can haka suke abin dariya ne a wurinsu, ta ce to Allah ya kyauta. Gaskiyarta, mu da ko sunan suruka ba a kamawa, dole ka gaya ma yara cewa wanga ba abin koyi ba ne.

Tunda na zo nan bari in faɗi sauran abin da uba zai so ya sani kafin ya bar yara da shi. Babu batsa, wanga na tabbatar, ya fi yawancin abin da ke yawo a wayoyin yaranmu tsabta. Amma shigar matan gajera ce irin tasu, akwai rawa da kiɗa jefi-jefi, akwai kashin da Fred ya faɗa caca ko da yake an nuna ta a matsayin ciwo ne da ke kunyata shi, akwai na Kirsimeti a sizin na 5, sannan ƙarya tsakanin miji da mata ita ce ginshiƙin rabin labaran. Ni ina kallo tare da su ne, in an zo wurin magana in yi magana. Wani abin da sai da na zauna na warware ma ƙaramin yarana shi ne mutane ba su taɓa zama da dainoso ba, masana sun ce waɗannan dabbobin sun ƙare wajen shekara miliyan 66 da sunka wuce, don ya fara gardama da ɗan maƙwabta a kan haka. Wani abin tarihi kuma, a sizin biyu na farko kamfanin sigari na Winston na cikin masu ɗaukar nauyin shirin har anka zana Fred da Barney suna talla, wanda shi ma ya nuna maka ba yara anka nufa ba tun asali. A cikin kashin da na kalla ban ci karo da tallar ba.

Akwai ƙananan abubuwa da sai mai faifai zai lura da su. Waƙar buɗewa da kowa ya sani, wadda Fred ke sulalowa ta wutsiyar dainoso in an busa tashi, ba ita ce a farko ba, sai a sizin na 3 ta shigo, na 1 da na 2 wani kiɗa ne daban ba waƙa. Waɗannan sizin biyun ma a baƙi da fari mutanen Amurka sunka gan su a lokacin duk da an zana su da kala, mu yanzu muna ganin abin da su ba su gani ba. In ka kasa kunne a farkon sizin na 2 za ka ji muryar Barney ta canza a wasu kashin, dalili shi ne mai muryar, Mel Blanc, ya yi mummunan hatsarin mota a Janairun 1961 sai Daws Butler ya riƙe mishi na ɗan lokaci. Muryar Betty ma ta canza daga sizin na 5. A kwalin sizin na 1 an saka ɗan gajeren gwajin da sunka fara yi lokacin sunan shirin The Flagstones ne, bai kai minti biyu ba amma na ji daɗin ganinsa. Za ka kuma lura in Fred na gudu cikin gida, taga ɗaya da kujera ɗaya ke ta wucewa suna dawowa, don sun rage zane ne saboda su iya fitar da kashi duk mako, sizin na 2 kaɗai kashi 32 ne. Dariyar 'yan kallo da anka ɗora a bayan kowace magana ita ce ta ɗan gundure ni da farko, daga baya kunne ya saba.

Ba duka sizin ɗin ne ɗaya ba, kar wani ya ruɗe ku. Na 1 zuwa na 3 su ne zuma, nan ne rigimar gida da ta aiki da abota ke da nauyi. Na 4 shina da kyau saboda zuwan Bamm-Bamm. Daga na 5 sai ka ji an fara lallashin yara, labaran sun fara fita daga gida suna shiga abin al'ajabi, na 6 kuma sunka kawo wani ɗan koren halitta daga sama mai suna Gazoo wanda ke yin siddabaru, Fred da Barney da yara ƙanana da dabbobi kaɗai ke ganinsa. Ni dai ban so shi ba sam. Daɗin shirin shi ne mutum ya shiga matsala da hannunsa ya fita da wahala, to in akwai mai kaɗa yatsa komai ya canza mi ya rage? Yarana kuwa shi sunka fi so, wanda ya nuna maka wa anka yi ma shi. Duk da haka shirin ya riƙe kambun katun ɗin dare mafi daɗewa a Amurka har 1997 da The Simpsons ya wuce shi.

Ta wajen wuta abin ya yi daidai da mu, kashi ɗaya minti 25 ne, ko an kawo wutar na ɗan lokaci kana gama guda, kuma na'urar ba ta cin komai, ƙaramar sola na ɗaukarta ita da talabijin. In za ka sayi na'ura nemi mai tuna inda ta tsaya in an ɗauke wuta, ka kuma sa mata stabilaiza. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana shiga idon na'urar sai ta fara cewa babu faifai alhali shina ciki, ni ƙyalle nake rufa mata in an gama. Faifan kuma a riƙe shi ta gefe, in za a goge a sa tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki ba a zagaye ba, kuma a maida shi kwalinsa nan take kar a bar shi kan talabijin yara su maida shi madubi.

Wanda kuɗinsa bai kai ya kwashe shida ba, ya ɗauki na 1 da na 3, in da hali ya ƙara na 4. Kafin ka biya ka juya kowane faifai a haske, ƙananan karce na sama-sama yawanci suna wucewa, amma wanda ya bi zagayen faifan ko tsagewa daga ramin tsakiya ka bar musu kayansu. Ka ƙirga fayafayan da ke cikin kwali ka gwada da abin da anka rubuta a bayansa don kayan gwanjo sau da yawa guda ya ɓace ko an sa na wani fim a gurbinsa, kuma kar ka yarda da gwajin minti ɗaya na farko, ka sa a tsallaka zuwa kashin ƙarshe na faifan don can ne mai matsala ya fi tsayawa. In da hali ma ka ɗauko na'urarka ta gida a gwada a kanta, tunda ba ta shagon za ka kalla da ita ba.